Ƙugiyar da Ta Dafa Ƙwai

Duk shekara idan aka turo mini ɗalibai koyon aiki a shagona na Lokuwa, ba a cika mako guda sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Momi, me ya sa Tsako bai yarda in sa hoton kaza a madadin suna ba? Ai layi ɗaya kawai za a canja." Bana ma an yi, kuma kun san wanda ya yi, ba sai na nuna shi da baki ba. Gaskiyarku ne, layi ɗaya ne. Na ma fi ku sanin inda layin yake, don ni na rubuta shi. To amma ku ajiye wayoyin nan ku ja kujeru, ku ji abin da layi ɗaya yake iya yi.

Ga wanda bai sani ba, Tsako ɗan harshen kwamfuta ne da muka ƙirƙira a nan Mubi, ana rubuta wa inji umarni da Hausa. Yara suna koyo da shi, wasu injinan ƙyanƙyasa da famfunan rijiyar burtsatse suna aiki da shi. Ni Masi, aikina a ciki shi ne tsaron ƙofa. Ni nake yanke wane baƙi da wace alama za su iya shiga cikin suna, wato sunan da mai rubutu yake raɗa wa abu kamar zafi ko ruwa, da kuma waɗanda za su zama alamomin aiki, irin na tarawa da ɗebewa da kwatantawa. Ku kuna ganin aikin zaman banza ne, tsohuwa ta zauna tana cewa wannan ya shiga, wannan kada ya shiga. Haka ni ma na ɗauki aikin maigidana lokacin da nake kamar ku.

Maigidana, wato wanda ya koya mini aiki, Baba Zira ne, mutumin duwatsun Michika kamar ni, wanda yake da shagon buga takardu kusa da tasha. Tafiretarsa baƙa ce, mai nauyi, daga Ingila aka yo ta, kuma wanda ya ƙera ta bai taɓa jin labarin ɓ da ɗ da ƙ ba. Saboda haka Baba sai ya buga b da d da k, ya zare takardar, ya ɗauki baƙin biro ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa musu ƙugiya. Da na zo koyon aiki ban taɓa tafiretar ba sai da damina ta zagayo. Biro kawai ya ba ni. Idan sitansil ne, wanda ake juya shi a fitar da takardu da yawa, sai ya ba ni allura, kuma idan hannuna ya yi nauyi ƙugiyar ta fito kamar an ɗiga tawada. Shi kansa Baba Hausa ba harshen uwarsa ba ce, a makarantar horon malamai ya koye ta, shi ya sa ya riƙe ta da hannu biyu. Idan zai furta ƙ sai ya tattaro ta tun daga maƙogwaro, har mai wucewa ya juyo ya ga ko ruwa yake nema.

Na tuna wani alhaji mai sayar da shanu da ya zo karɓar katin bikin ɗansa. Ya duba, ya ɓata fuska ya ce, "Malam Zira, wa ya ɓata mini kati da biro? Sabon kati duk an yi masa kaho."

Baba ya sauke tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ka gayyata ko baki?"

Alhaji ya ce, "Ai duk ɗaya ne, ci za su yi."

Ni na tuntsire da dariya, Baba kuwa bai yi ba. Bayan alhaji ya tafi ya sa na sake bin sauran katunan duka, ko akwai wanda ya tsira babu ƙaho.

Da kwamfuta ta shigo muka ce mun huta, ashe aiki ne ya canja riga. A lokacin akwai wata dabara da masu buga Hausa suke yi. Tunda Hausa ba ta amfani da q da v da x, sai a ari gurbinsu, ka danna q ƙ ta fito, ka danna v ɓ ta fito, ka danna x ɗ ta fito. Abin yana tafiya lafiya muddin takardar ba ta bar kwamfutarka ba. Ran nan wani malamin lissafi ya kawo mini jarrabawa, na buga masa da irin rubutun da na gama aikin Hausa da shi, sai ga tambaya ta fito tana cewa a nemo ɗ. Malamin ya ce shi dai tunda yake koyarwa bai taɓa ɓatar da ɗ ba balle ya sa yara nemanta. Wata takardar kuma muka kai ta wata kwamfuta a cikin gari, ta buɗe da qasa da xaki da varawo. Tun daga nan na gane cewa duk alamar da ka gani a kan kibod tana da mai ita, idan ka ara kuwa wata rana zai zo karɓa a gaban mutane.

Na yi karatun yamma na koyi rubuta manhaja, na buɗe shagon nan, Baba kuma idanunsa suka yi rauni ya rufe nasa. Sai ya mai da bencin ƙofata ofis. Ba na biyansa, ba ya tambaya, amma babu takardar da take fita sai ya kanga ta a hancinsa ya duba ƙugiya. Na ukunmu shi ne Buba, Bafulatanin Nassarawo mai gyaran rediyo da firij. Buba yana sayen mataccen firij, ya cire kayan cikinsa, ya sa ƙwayayen fitila da ma'aunin zafi da 'yar fanka, ya mai da shi injin ƙyanƙyasa. Hannunsa ya iya komai, amma umarnin da ake rubuta wa ƙwaƙwalwar injin da Turanci ne, Buba kuwa shi da Turanci gaisuwa ce kawai. Shi ya dame ni har na zauna na rubuta Tsako. Ni na sa masa sunan, Buba kuma har gobe Sako yake ce masa.

Rigimar farko a kan alhamza aka yi ta, wannan ɗan ɗigon mai wutsiya da ke cikin jama'a da sana'a da 'ya'ya. A yawancin harsunan kwamfuta ita ce take buɗe zance ta rufe shi, ni ma haka na bar ta da farko. Sai wata malamar firamare ta raɗa wa wani abu 'yan_aji, injin ya ɗauka ta buɗe zance, ya zauna yana jiran ta rufe, ya haɗiye duk sauran umarnin. Ta zo ta ce mini, "Madam, kwamfutarki ya ƙi jinin 'yan aji na." Na yanke cewa daga ranar alhamza baƙi ce kamar kowane baƙi, zance kuma sai da alamar nan mai ɗigo biyu a sama. Ina cikin jin daɗi sai na gano alhamza ba ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta kibod, akwai lanƙwasasshiya da waya take canja maka ba ka roƙe ta ba, akwai kuma ta uku wadda masana suka ce ita ce ta gaskiya. A ido duk ɗaya suke, a wurin inji kuwa kowacce gidanta daban. Na haɗe su na ce duk wadda ka danna Tsako zai karɓa a matsayin guda.

Karan ɗori ma ya ba ni ruwa. Bahaushe yana son ninka kalma, kuma karan ɗori shi ne alamar ɗebewa a lissafi. Wani manomi ya rubuta iri-iri yana nufin sunan abu, injin ya ɗebe iri daga iri ya ba shi sifili. Mutumin ya ce ko fari ba su taɓa yi masa irin wannan ɓarna da sauri haka ba. Shi ya sa a Tsako idan za ku ɗebe sai kun bar fili hagu da dama, in ba ku bari ba suna ne. Na san kuna tsaki a kan wannan doka. Buba kuma ya ce tunda an karɓi na Hausa sai a karɓi ŋ da ƴ na Fulfulde, aka karɓa, Baba ya sa hannu da kansa don yana girmama duk baƙin da yake da ƙaho ko wutsiya.

Sai muka zo kan kwatantawa, a ce wannan ya fi wancan ko bai kai shi ba. Kowa a duniya yana amfani da alamun nan biyu masu kama da bakin kada, ɗaya ta kalli hagu ɗaya ta kalli dama. Buba da ajami ya fara karatu, daga dama yake farawa, saboda haka duk lokacin da ya ga alamar sai ya fahimce ta a juye. Yaran firamare ma rabi su ce hagu rabi su ce dama. Muka ce a bar alama a yi da kalma. Baba ya ce a sa sama da ƙasa. Raba lamba kuwa, ya ce a sa kasa, yadda mai tumatir take kasa kayanta kashi-kashi.

Na ce, "Baba, kasa da ƙasa fa? A garin nan?"

Ya ce, "Shi ya sa, 'yata. Inji ba ya jin kunyar kowa. Abin da na yi shekaru ina faɗa ba a ji ba, shi zai koya musu."

Buba ya ce, "Ni dai Adda Masi, kasa da kasa duk kasa nake ji." Kunnen Buba yana bambanta b da ɓ tun daga nesa, don akwai su a harshensa, amma ƙ ba ta taɓa shiga ba. Muka yi dariya muka wuce, tunda ni nake buga masa umarnin a kwamfutata, kibod ɗina kuwa yana da ƙ.

Sai shekarar gudu ta zo. Ba zan ba ku labarinta ba, iyayenku sun fi ni iya bayarwa. Garin nan ya watse, wasu suka yi Yola, wasu suka haye Kamaru. Da muka dawo, shagona babu ƙofa, kwamfuta ɗaya ce ta rage, wadda na gudu da ita a cikin zani. A ƙauyuka kuwa abin da ya fi ci wa mata rai shi ne kaji da zabbi. Akurki duk wayam. Mace a ƙauye idan ba ta da tsuntsu ba ta da abin da za ta ce nata ne.

A Gella akwai Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, doguwar mace mai muryar da ba ta bukatar lasifika. Ita ta zo wurin Buba ta ce ya haɗa musu inji guda. Zabbi kaɗan ne suka tsira, waɗanda suka shige daji suka dawo da kansu, kuma zabuwa da damina kawai take yin ƙwai, ba ta kuma iya kwanci ba. Mama ta bi gida-gida tana karɓar ƙwai, mai biyu ta ba da biyu, mai biyar ta ba da biyar, kowacce ta yi wa nata alama da gawayi, a kan za a raba 'ya'yan idan sun fito. Akwai wata tsohuwa, Kaka Ladi, wadda zabuwa ɗaya tak ta rage mata a duniya, ta juye duk abin da ta tara a ƙwaryar Mama.

Buba ya kai inji Gella a saman bas, ya haɗa sola da batir. Wajen haɗawa waya ta taɓa waya, ƙwaƙwalwar injin ta goge abin da na zuba mata. Bai ga dalilin dawowa Mubi a kan layi biyu ba, tunda ya haddace su. Ya jona wayarsa ya rubuta da kansa. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne:

in zafi ƙasa 37, kunna
in ba haka ba, kashe

Wayarsa ba ta da ƙ, kunnensa ma ba shi da ita, sai ya rubuta kasa. Injin bai yi gardama ba, don kasa kalma ce da ya sani. Ya ɗauki zafi ya raba shi gida talatin da bakwai, ya sami wata lamba, kuma a wurin inji duk lambar da ba sifili ba "e" ce. Fitilu suka kama. Buba ya ga sun kama, ya sa hannu ya ji ɗumi, ya ce aiki ya yi, ya hau bas ya dawo. Fitilun nan ba su sake mutuwa ba.

Washegari da hantsi Mama ta kira mu. Mu uku muka je, har da Baba da sandarsa. Muka tarar ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta ajiye babbar tasa a tsakiya cike da ƙwan zabbi, ga gishiri da yaji a gefe, kowane ƙwai da alamar gawayin mai shi.

Ta ce, "Ku zauna. Ku ci, aikinku ne. Ya dahu da kyau, ba sai an kara wuta ba."

Buba ya kalli ƙasa, mai ƙugiya. Ni na karɓi wayarsa na duba, na miƙa wa Baba, ya kanga ta a hancinsa. Babu wanda ya taɓa tasar. Mama ta zauna, muryar nan tata ta sauka, ta ce, "Madam Masi, ni ba kwai ne yake damuna ba. Matan nan da sunana suka bayar. Kaka Ladi bai ce mini komai ba, sannu kawai ya ce, shi ne ya fi mini zafi. Damina ya kusa karewa. In na sake roko suka ba ni, wannan ne na karshe, in ya lalace sai baɗi, ni kuma ban san da wane ido zan zauna a garin nan ba." Na ji kunya da tausayi har na rasa inda zan sa hannuna.

A bas ɗin dawowa aka fara rigimar, a shago aka ƙarasa ta. Buba ya ce a mai da k da ƙ abu ɗaya kowa ya huta. Na ce idan na yi haka kasa da ƙasa sun zama kalma ɗaya mai aiki biyu, injin zai riƙa caca ke nan. Ya ce to a bar kasa ta zama ta kwatantawa, a nemo wa rabawa wani suna. Na ce akwai famfuna da darussan yara da aka riga aka rubuta da kasa ta rabawa, ranar da na canja ma'anarta duk za su fara yin wani abu dabam ba tare da sun yi ko tari ba. Baba kuwa ya kafe a kan kada a taɓa komai. Ya ce harshen ba shi da laifi, a saya wa Buba waya mai ƙ, a kuma zaunar da shi ya koya.

Buba ya ce, "Baba, ko ka saya mini waya goma, abin da ban ji ba yaya zan rubuta? Duk Mubi wa yake faɗan wannan abu in ba kai ba? Kai ma sai ka yi kamar za ka yi amai."

Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Kunnenka ne bai kai ba!"

"Bai kai ba ɗin, to sai a dafa kwan mutane?"

Ni ina jin su, sai maganar Baba ta tsaya mini a kai. Na jawo kibod na rubuta, na juya musu fuskar kwamfutar:

in zafi bai kai 37 ba, kunna

Babu ƙugiya, babu bakin kada, kuma ko Kaka Ladi aka karanta wa za ta gane. Ɗaya gefen kuma a rubuta ya wuce, rabawa kuma a rubuta raba. Baba ya matso ya karanta, ya ce to idan abin mace ne fa, ai sai a ce ba ta kai ba. Na ce, "Baba, Mubi ta riga ta warware mana wannan. A garin nan har amarya bai kai ba ne." Buba ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba bai yi ba.

A ranar na kafa dokokin da kuke gunaguni a kansu yanzu. Suna yana iya ɗaukar kowace ƙugiya, ka rubuta ƙwai ko ɗaki ko ɓera yadda Baba ya koya mini. Amma idan a cikin aiki ɗaya aka sami sunaye biyu da ƙugiya ce kawai ta raba su, Tsako zai tsaya ya ƙi tafiya sai ka canja ɗaya. Alamar aiki kuwa babu wadda za ta sake ɗaukar ƙugiya. Kasa da ƙasa duka na kore su, wanda ya rubuta ɗaya daga ciki injin zai tsaya ya tambaye shi abin da yake nufi. Wannan ya sa na yi ta yawo a keke-napep daga makaranta zuwa rijiya ina gyara tsofaffin umarni, ana yi mini mita, wani mai famfo har ya ce mu masu kwamfuta ba mu da aiki sai tayar da abin da yake kwance lafiya. Na gwammace mitarsa da wata tasar a gindin mangwaro.

Baba ya ji ciwon abin sosai. Ya ce mini, "Masi, na ba ki biro kafin in ba ki tafireta, yau ke ce kika kori ƙ daga aiki." Na ce ban kore ta ba, na hana ta riƙe wuta ne kawai. Ya ɗauki sandarsa ya tafi, benci ya zauna babu kowa. Na yi kewarsa, don takarda tana fita daga shagon nan babu mai kanga ta a hanci, sai in ji kamar na fita ban ɗaura ɗankwali ba.

Mama Rifkatu ta sake bin gidaje. Wasu suka ba ta, wasu suka ce zabbinsu sun daina, wata ta tambaye ta ko wannan karon soyawa za a yi. Kaka Ladi ba ta jira an zo ba, ta aiko jikanyarta da abin da zabuwarta ta ƙara yi. Wannan karon ni na je da kaina na zuba umarnin, muka hura injin babu ƙwai muka zauna muna kallo har fitilu suka mutu da kansu, suka sake kamawa, suka sake mutuwa. Mama ta ce a sake. Aka sake. Sannan ta jera ƙwan da hannunta.

Ƙwan zabuwa yana ɗaukar wajen mako huɗu, kuma duk tsawonsu Mama ba ta yarda da mu ba ko na rana ɗaya. Ta kawo kujerarta kusa da firij ɗin, tana tsinken wake da hannu ɗaya, ɗaya hannun a jikin ƙofar. Idan na kira ta in tambayi inji sai ta ce, "Yana kunna yana kashe. Ina kallonsa." A wani kiran ne ta gaya mini cewa tun ranar tasar nan ba ta sake bi ta ƙofar Kaka Ladi ba. Hanyar mayo, wato rafin da suke wanki, ta gaban gidan tsohuwar ta bi, amma ita sai ta zaga ta bayan gonaki da kaya a ka. Coci ma sai ta bari an fara waƙa ta shiga ta zauna a baya, ita da take zama a gaba tana ba da amshi.

Ranar da ta kira ta ce ƙwai sun fara tsagewa, na biya Nassarawo na ɗauki Buba. Muna isa tasha sai ga Baba a zaune a kujerar gaba ta bas ɗin Gella, sanda tsakanin ƙafafu. Ban san wanda ya gaya masa ba, Buba dai yana ta kallon taga. Na gaishe shi ya amsa. Ya ce shi ba wurinmu zai je ba, iska zai sha.

Tun daga bakin gidan muka ji su. Mama ta buɗe firij ɗin, ga 'yan zabbi masu zane a ka, wasu sun bushe suna tattaka juna, wasu a jiƙe suna fama da ɓawo. Ba duka suka fito ba, ba a taɓa samun duka, amma sun fito da yawa. Buba ya ce "Alhamdu lillahi" ya zauna a ƙasa daɓas. Baba ya ce a ɗora masa ɗaya a tafin hannu, aka ɗora, ya kanga shi a hancinsa ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "To, a bar shi yadda kika yi."

Mama ba ta tsaya jin mu ba. Ta tona cikin ɓawon tana duba alamun gawayi, ta ɗauko ƙwarya ta shimfiɗa tsumma, ta zaɓi waɗanda suka bushe ta zuba, ta rufe da gefen zaninta. Ta fita ba ta ko sa takalmi ba, muka bi ta a baya. Ba ta zaga ta gonaki ba, ta miƙe hanyar mayo sak, tun daga nesa ta saki muryar nan tata.

"Kaka! Kaka Ladi! Fito!"

Tsohuwar ta ɗaga labulen ƙofarta a hankali, ta kare ido da hannu. Ta daɗe tana kallon Mama, sannan ta yi magana da Hausa, don mu baƙi mu ji.

"Rifkatu, kai ne? Ai na ce ko ka sake gudu Kamaru."

Mama ta durƙusa a gabanta ta yaye zanin.